Komitas: Firist Da Ya Tattara Waƙoƙin Ƙauye Kafin A Watsa Ƙauyukan

A wannan mako za mu duba rayuwar wani bawan Allah daga Armeniyawa, al'ummar da ta karɓi bangaskiyar Kirista tun wajen shekara ta 301. Sunansa Komitas.

An haife shi a 1869 a garin Kutahiya, cikin Turkiyya ta yau, aka raɗa masa suna Soghomon. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, mahaifinsa ya bi ta yana ɗan shekara 11. A 1881 aka kai marayan makarantar tauhidi ta Ecmiyazin, cibiyar ikilisiyar Armeniya. Lokacin Turkanci kawai yake ji, bai iya harshen kakanninsa ba, amma da ya rera waƙar sujada a gaban shugaban ikilisiya, muryarsa ta sa aka karɓe shi. A 1894 aka naɗa shi firist, aka ba shi suna Komitas, sunan wani shugaban ikilisiya na ƙarni na 7 mai tsara waƙoƙin yabo.

Daga 1896 zuwa 1899 ya yi karatun kiɗa da waƙa a Balin, babban birnin Jamus. Da ya dawo ya zama malamin waƙa a makarantar da ta rene shi. Ilimin Turai bai sa ya raina na gida ba. Ya riƙa shiga ƙauyuka yana zama da masu huɗa da shanu, da mata masu lallashin jarirai, da 'yan biki, yana rubuta kalmomi da karin kowace waƙa. Ya tattara fiye da 3,000. Har na maƙwabtansu Kurdawa ya rubuta, aka buga a 1903. Sa'an nan ya shirya su yadda ƙungiyar mawaƙa za ta rera da muryoyi daban-daban ba tare da ɗanɗanonsu na ƙauye ya ɓace ba.

Wasu manyan ikilisiya ba su ji daɗi ba. A ganinsu bai dace firist ya riƙa rera waƙoƙin manoma da na soyayya ba. Wannan tsangwama na cikin abin da ya sa ya koma Istanbul a 1910, inda ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta Gusan mai mutum kusan 300.

Ranar 24 ga Afrilu, 1915, gwamnatin Daular Usmaniyya ta kama shugabannin Armeniyawa da masanansu a Istanbul, har da Komitas, aka kai shi Cankiri. Wannan ne mafarin kisan kiyashin da ya cinye rayuka wajen miliyan ɗaya ko fiye. Bayan 'yan makonni aka sake shi, da sa bakin jakadan Amurka Henry Morgenthau da wani marubucin waƙa Baturke, Mehmet Emin. Amma abin da ya gani ya taɓa hankalinsa. Daga 1916 yana asibiti, a 1919 aka kai shi Faris, ya rasu ranar 22 ga Oktoba, 1935. Takardunsa da yawa sun salwanta, waƙoƙi wajen 1,200 ne suka tsira. Ƙauyuka da yawa na Armeniyawa sun zama kufai, amma jikokinsu suna rera waƙoƙin nan har yau, kuma ana sujada da tsarin waƙoƙin Jibin Ubangiji da ya shirya, wanda aka buga a Faris a 1933.

Mu a Batsari da Safana mun san yadda ƙauye ke watsewa. Ba mu manta da Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020 ba, mun kuma ga iyalai daga bakin dajin Rugu suna kwasar kaya zuwa Dutsinma da Katsina. Muna ƙirga rayuka da shanu da rumbuna, amma wa yake ƙirga waƙoƙi? Waƙar niƙa, waƙar daka, waƙar gayya, da waɗanda iyayenmu na zumuntar mata suka tsara da kansu suna kaɗa tulu, yawancinsu ba sa cikin Littafin Waƙoƙi. A bakin tsofaffi suke. Tsohuwa ɗaya ta kwanta dama a gudun hijira, sun tafi ke nan.

Komitas da alƙalami da takarda ya yi aikinsa, mu kuwa muna da waya a aljihu. Zabura 78 ta ɗora wa kowace tsara nauyin miƙa wa ta bayanta abin da ta ji daga iyaye. Saboda haka kafin taronmu na wata mai zuwa, kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa ɗaya, ya durƙusa ya gaida su, ya nemi izini, ya ɗauki waƙa uku. A rubuta sunan ƙauyen, da lokacin da ake rera ta, da wanda ya koya musu. Idan maƙwabcinmu Musulmi ko Bafulatani ya yarda, a ɗauki tasa ma, a ba shi kwafi.

Ubangiji ya ta'azantar da waɗanda aka raba da gidajensu, ya maido da salama a ƙasarmu. Amin.