Zango da Dokar Fili: Tarihin Cunkoson Gidaje a Salaga, Yendi da Bawku

Gabatarwa

A 2019 jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar da ta halatta gina gida mai ɗaukar iyali biyu a filayen da a da aka keɓe wa iyali ɗaya, domin rage tsadar muhalli. Abin da masana tsara birane suke nema ta hanyar doka a yau, Hausawan zangunan arewacin Gana sun daɗe suna yin sa bisa al'ada. Tarihin Salaga da Yendi da Bawku yana nuna yadda wannan tsari ya samu, da yadda doka ta riske shi.

Gidan Fatake

A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar Gwanja, inda fatake daga Kano da Katsina suke kai kanwa da tufafi da dabbobi su sayo goro. Kasuwar ta yi ƙaurin suna da cinikin bayi kuma. Sarkin ƙasar yana zaune ne a Kpembe, kusa da garin, ya bar baƙi su cika Salaga. Maigida yakan kewaye fili, ya yi zaure, ya jera ɗakuna a ciki. Duk lokacin da ayari ya ƙaru sai a ƙara ɗaki. Shi ne mai masauƙi, shi ne dillali, shi ne kuma mai tsaya wa baƙo. Garin ya iya ɗaukar wannan jama'a ne saboda ɗimbin rijiyoyin da aka haƙa, waɗanda har yau ake ganin wasunsu.

Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagomba, da Bawku da ke kusa da iyakar Burkina Faso da Togo a yau, duk suna kan hanyoyin fatauci, kuma zangunansu sun bi wannan salo. Sai dai a ko'ina sharaɗin ɗaya ne: sarki ko mai ƙasa yana ba baƙo izinin zama, amma ƙasar ba ta zama tasa ba.

Yaƙi da Zuwan Turawa

Bayan Ingila ta ci Asante a 1874, hanyar goro ta fara kauce wa Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, malamai da attajirai suka yi ƙaura zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. A 1896 Jamusawa suka ci Dagomba a Adibo suka shiga Yendi, sannan yarjejeniyar 1899 ta bar Salaga a hannun Ingila, Yendi a hannun Jamus, har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Turawa sun zo da wata fahimta ta daban game da gida: fili mai iyaka, gini ɗaya a tsakiya, iyali ɗaya a ciki. Sun kuma mayar da ikon filayen arewa hannun Gwamna. Dokar tsara birane da karkara ta 1945, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila, ta ɗora neman izinin gini a kan wannan ma'auni. Ta haka gidan da yake nuna arzikin maigida ya koma abin da ake kira cunkoso, aka bar zanguna ba isassun magudanun ruwa, ba hanyoyi.

Bayan 'Yancin Kai

Umarnin korar baƙi marasa takardu na gwamnatin Busia a 1969 ya tunatar da mazauna zango raunin matsayinsu, domin da yawa sun bar gidajensu ko sun sayar da su da araha. Tsarin mulkin 1979 ya mayar da filayen arewa ga sarakuna da masu ƙasa, na 1992 ya tabbatar da hakan. Wannan ya ƙara wa sarauta daraja, ya kuma ƙara zafin takara a kanta. A Bawku, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ba ya rabuwa da tambayar wane ne yake da ikon raba fili.

A 2016 Gana ta soke dokar 1945, ta kafa sabuwa wadda ta ba majalisun gundumomi ikon tsara garuruwansu da sauya amfanin fili. A 2017 kuma aka kafa Asusun Raya Zanguna.

Kammalawa

Tarihin garuruwan nan uku ya nuna cewa yawan ɗakuna a fili ɗaya bai taɓa rusa gari ba. Yaƙi da sauyin hanyar ciniki ne suka durƙusar da Salaga. Abin da ya riƙe zango shi ne ruwa da amanar da ke tsakanin baƙo da mai ƙasa. Idan majalisun gundumomi suka halatta ƙarin gini a fili ɗaya, darajar filin za ta tashi, kuma wanda yake riƙe da takarda shi zai ci ribar. Iyalin da kakanninsu suka zauna bisa izinin baki, ko sun shekara ɗari a gidan, suna iya wayar gari a matsayin baƙi, muddin ba a rubuta haƙƙinsu kafin a sauya taswira ba.