Daga Bokiti Zuwa Motar Kwana-Kwana: Tarihin Yaƙi da Gobara a Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya ji labari a bakin dattawa cewa jirgin ƙasa ne ya jawo akasarin iyayenmu zuwa wannan ƙasa. A shekarar 1930 layin dogo daga Kano ya iso Nguru, garin ya zama ƙarshen layi, aka shiga hada-hadar gyaɗa da ƙaro da fata da ƙirgi da busasshen kifi. Kanawa da Katsinawa da Haɗejawa da Damagarawa suka yi ta zuwa suna kafa rumfuna a ƙasar Mangawa, wasu kuma suka zarce Gashuwa, wajen Badawa, bakin kogin Yobe.

To, gidajen farko da aka yi duk zana ce da jinka. Idan hunturu ya kama, ciyawa ta bushe ƙayau, tsohuwa ta shiga ɗaki da kaskon wuta, ai garwashi ɗaya ya isa ya tashi unguwa. A wancan zamani babu mota babu mesa. Da an ga hayaƙi sai a kwarma ihu, "Gobara! Gobara!" Maza su fito da bokiti da tulu, a jera daga bakin rijiya ana miƙa ruwa hannu da hannu, samari kuma su rushe zanar maƙwabta don wuta ta rasa abin ci. Washegari mai unguwa da sarkin kasuwa su zaga a yi jaje, a yi karo-karo, a yi gayya a sake ɗora jinka. Wannan ita ce kwana-kwanarmu ta farko.

Ita kuwa ta hukuma, a Ikko Turawa suka fara ta a farkon ƙarni na 20, a ƙarƙashin 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Amma kashe wutar gari da kasuwa, galibi aikin jiha ne, kowace jiha da tata hukuma. Mu nan mun zauna a Jihar Arewa Maso Gabas daga 1967, sa'an nan Jihar Borno daga 1976, duk Maiduguri ce hedkwata. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Yobe, al'amari ya koma Damaturu.

Ga yadda tsarin yake. Akwai shugaba a hedkwata, akwai tashoshi a manyan garuruwa, kowace da jami'in da ke riƙe da ita. Ma'aikata kashi-kashi ne, wasu na sauka wasu na hawa, don kada tasha ta kwana babu kowa. Da kira ya shigo, direba ya tashi mota da jiniya, shi ne kuma yakan kula da famfo, wasu su ja mesa, wasu su shiga ceton rai. Kafin a zuba ruwa sai an yanke wutar lantarki. Idan kuwa fetur ne ya kama, ruwa ƙara watsa shi yake yi, sai dai kumfa ko yashi. Har ila yau su ne ake kira in yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi, kuma aikinsu ne duba gidajen mai da wayar da kan jama'a.

Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ruwan da mota ke ɗauka, cikin 'yan mintoci yake ƙarewa, in babu tanki kusa sai ta koma ɗebowa, wuta kuwa ba ta jira. Mu ne muke toshe layukan kasuwa da tebura, mu ne muke haɗa wayoyi barkatai, mu ne muke ajiye jarkokin fetur a shago. In sun iso a makare kuma, yaranmu su hau jifa.

Manyan kasuwanni ma ba su tsira ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021, ta Katsina a Maris na wannan shekarar, sai Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairu 2023. Dukkansu a manyan birane suke, kusa da hedkwatar kwana-kwana. Ina ga mu? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da na kasuwa, kafin hunturu ya shigo, a zauna da jami'an kwana-kwana, a buɗe layukan da mota za ta bi, a yi karo-karo a gina tankin ruwa, kowane layi ya aje bokitin yashi, a kuma rubuta lambar wayarsu a ƙofar kasuwa. Jarin da iyayenmu suka fara tarawa tun zuwan jirgi, kada mu bari dare ɗaya ya cinye shi.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.