Faya-fayan Hirar Hitchcock da Truffaut

Faya-fayan hirar Hitchcock da Truffaut jerin muryoyi ne da aka naɗa a watan Agusta na shekarar 1962 a kamfanin fina-finai na Universal da ke Kalifoniya, Amurka. François Truffaut, daraktan fim ɗan Faransa, ya shafe kusan mako guda yana yi wa Alfred Hitchcock, daraktan fim haifaffen Ingila, tambayoyi kan fina-finansa ɗaya bayan ɗaya, tun daga zamanin fim marar magana. Helen Scott ce ta yi musu tafinta tsakanin Faransanci da Turanci.

Daga hirar ne aka samo littafin da ya fito da Faransanci a 1966. Daga baya gidan rediyon France Culture ya watsa sassanta, kuma a 2015 darakta Kent Jones ya yi amfani da faya-fayan a wani fim na tarihi.

Masu nazari na daraja faya-fayan domin sun adana abin da rubutu ya tace: dariya, jinkirin amsa, da wuraren da Hitchcock ya nemi a kashe na'urar naɗar murya.