Gidan Wada

Gidan Wada tsohon gidan manoma ne a ƙauyen Ogimaci, yankin Shirakawa na lardin Gifu a ƙasar Japan, kuma yana cikin mafi girman gidajen ƙauyen. Rufinsa na ciyawa ne mai kauri, tsaye ƙyam kamar tafuka biyu da aka haɗa wajen addu'a, don dusar ƙanƙara ta zame kafin nauyinta ya karya gida. Babu ƙusa a jikin sandunan rufin. Da igiya da ɗanyun rassa aka ɗaure su. A da, a benen sama ake kiwon tsutsar siliki, hayaƙin murhu kuwa yana hawa ya kare katako daga ƙwari. A 1995 UNESCO ta sanya ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya.