Magini Ne Ke Kiran Mai Rushewa: Saƙonnin da ke Sabunta Ƙashi

Duk shekara jikin baligi yakan rushe kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashinsa, ya sake gina shi. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke wannan aiki. Ostiyokilas na manne wa fuskar ƙashi, ta zubo asid ta narkar da ma'adinansa, ta bar rami cikin makonni kaɗan. Ostiyobilas kuma ta biyo baya ta cike ramin, aikin da ke cin watanni. Kamar yaɓen gidan ƙasa ne, sai an kankare wanda ya tsage kafin sabo ya kama.

Abin lura shi ne inda umarnin rushewar yake fitowa. Daga zuriyar maginan yake fitowa, wato ostiyobilas da kuma ostiyosayit da ke binne cikin ƙashi. Su ne ke fitar da furotin RANKL, wanda idan ya kama makarɓinsa RANK a jikin ƙwayoyin da ba su gama girma ba, sai su haɗe su zama ostiyokilas mai cibiyoyi da yawa. Su ne kuma ke fitar da OPG, wanda aka gano a 1997, mai tare RANKL a hanya kafin ya isa. Ƙarfin ƙashi ya rataya ne a kan rinjaye tsakanin waɗannan biyun. Idan mace ta daina jinin al'ada, sinadarin estrojin ya ragu, sai RANKL ya yi rinjaye, ramuka su fi ƙarfin masu cikewa.

Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗauki rushewar a matsayin cuta da za a kashe kawai. Maganin denosumab, da aka amince da shi a 2010, allura ce duk wata shida da ke toshe RANKL, kuma babu shakka tana rage karaya. Amma da rushewa ta lafa, gini ma yakan lafa, domin ramin da aka haƙa shi ne ke kiran magini. Idan kuma aka tsayar da allurar haka kawai, rushewar kan dawo da ƙarfin da ya wuce na da, har wasu su samu karaya a ƙashin baya fiye da wuri ɗaya. Likitan da zai fara ba tsohuwa wannan allura, wajibi ne tun ranar farko ya san maganin da zai biyo bayanta, ya kuma tabbatar tana da halin dawowa kan lokaci.