Daga Alƙalamin Kara zuwa Manhaja: Tarihin Saɓanin Kwafi

Mu da muka tashi a Sakkwato mun gaji wata al'ada wadda masana kwamfuta suka daɗe suna fafutukar kafa irinta. Tun da Muhammadu Bello ya gina birnin a 1809, littafi a nan abin kwafa ne. Ɗalibi ya ari na malaminsa, ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya sauke shi, sannan ya gwada nasa da na asali. A 1812 Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowanne. A ganina, wannan lissafi shi ne maganin cutar da ke damun masu harhaɗa manhaja a yau.

A 1983 Richard Stallman ya shelanta shirin GNU a Amurka, da nufin kowa ya sami damar karanta tushen manhaja, ya gyara, ya raba. A 1987 shirin ya fitar da GCC, tafintan da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa harshen na'ura, a 1991 kuma Linus Torvalds ya fito da Linux a ƙasar Finlan. 'Yancin ya zo da nasa nauyi. Kowace manhaja tana jingine ne da wasu, kuma masu kula da kowace suna sabunta tasu a lokacin da suka ga dama. Idan mutum ya ɗauko tsohon tushe ya miƙa wa sabon tafinta, sai aiki ya cije. Haka ta faru a 2020, sa'ad da zubi na 10 na GCC ya daina lamuntar a bayyana suna ɗaya a wurare da yawa: manhajojin da suka shekara suna harhaɗuwa lafiya suka tsaya cak, alhali ko wasali ba a taɓa musu ba.

Akwai saɓanin da ya shafe mu kai tsaye. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kawai yake da su, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba haruffanmu masu lanƙwasa mazauni. Duk da haka zubi na 2 na harshen Python ya ci gaba da ɗaukar ASCII a matsayin asali, har kalma kamar ƙasa takan tsayar da aiki. A Disambar 2008 zubi na 3 ya gyara wannan, amma ya ƙi karɓar tsofaffin rubuce-rubuce da dama. An so a yi ban kwana da zubi na 2 a 2015, jama'a ba su shirya ba, aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020. Gyaran da ya amfani Hausa ya ɗauki duniya fiye da shekara goma.

Daga wannan tarihi aka tsamo hanyar warware matsalar. Mai harhaɗawa ya fara da saƙon kuskure na farko, domin sauran galibi 'ya'yansa ne. Ya duba takardar bayanin da marubutan suka haɗo, ya ga zubin da suka yi aiki da shi, ya gwada da wanda ke na'urarsa. In sun saɓa, ko ya samo tsohon zubin ya killace shi gefe, ko ya gyara tushen ya mayar wa jama'a. A ƙarshe ya rubuta lambar kowane zubi domin na baya.

Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi damuna. Rubuce-rubucen da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ana karanta su bayan shekaru masu yawa, domin takarda ba ta buƙatar tafinta. Duk wanda zai adana irinsu a kwamfuta, ya sani cewa ajiyarsa tana rataye ne da manhajar da jikokinmu za su iya harhaɗawa. Ya zama wajibi ya bar musu sunan abin da ya yi aiki da shi da lambar zubinsa, kamar yadda Abdullahin Gwandu ya bar mana sunayen malamansa.