Ruwa a Unguwa, Kuɗi a Gidan Gwamnati: Nazari kan Tallafin Ƙananan Hukumomi Bayan Ambaliyar Maiduguri ta 2024

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kuɗin da gwamnatin tarayya kan fitar bayan ambaliya, ta ɗauki Maiduguri a matsayin abin nazari. Hujjarta ita ce, tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma aikin da ambaliya ke ninkawa, amma babu wata doka da ta ba ta ikon cewa ga abin da take bin gwamnatin tarayya idan ruwa ya janye.

Abin da ruwa ya bari

Cikin daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Kafin hantsi ruwa ya shiga Kasuwar Monday, da fadar Shehun Borno, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Namun dajin gidan zu na Sanda Kyarimi wasu suka mutu, wasu ruwa ya yi gaba da su cikin gari. Fursunoni 281 suka tsere. Kimanin mutum 400,000 ne suka bar gidajensu, galibi daga ƙananan hukumomin Birnin Maiduguri da Jere. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994, kuma a wancan karon ma Alau ce.

Masu ɗaukar hoto kan tafi da janyewar ruwa. Abin da ke saura shi ne taɓo har gwiwa a cikin rumfuna, da kwatocin da yashi da leda suka toshe, da rijiyoyin da masai ya malala cikinsu, da maƙabartar Gwange da ruwa ya tone. Ba a yi wata guda ba jihar ta sanar da ɓarkewar amai da gudawa. Duk wanda ya buɗe Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 zai tarar da waɗannan a jere: magudanun ruwa, kwashe shara, kasuwanni, maƙabartu, duk aikin ƙaramar hukuma ne. Kuma shugabannin gargajiya irin su Bulama da Lawan, ba wani jami'i daga Abuja ba, su ne suka san gidan da katangarsa ta faɗi da wanda ya zo rubuta suna sau biyu.

Hanyar da kuɗi ke bi

A daminar 2024 gwamnatin tarayya ta ware wa kowace jiha naira biliyan 3, jimilla biliyan 108. Gwamna Babagana Zulum ya tabbatar da cewa kason Borno ya iso. Abin lura a nan shi ne rabon kai-ɗaya: jihar da babban birninta ya nutse ta karɓi daidai da wadda ruwa ya ɗan taɓa gonakinta. Ko a 2012, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya fitar da biliyan 17.6, an kasa jihohi gida huɗu gwargwadon ɓarna, daga miliyan 500 zuwa miliyan 250. A duka biyun dai asusun jiha ne masaukin kuɗin da aka raba.

Ba wai ƙananan hukumomi ba su da kaso a takarda ba ne. Cikin kashi 20.60 bisa ɗari da suke samu daga Asusun Tarayya, kashi 0.60 na kula da muhalli ne, kamar yadda jihohi ke da 0.72. Sai dai Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan gwamnoni suka daɗe suna riƙe da linzami. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai-tsaye. Wata biyu bayan haka Alau ta ɓalle, hukuncin na nan a takarda, ba a fara aiki da shi ba.

Haka labarin yake ta fuskar hukumomin agaji. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, tana da kasonta a asusun muhalli. Tsarin ƙasa na tunkarar bala'o'i ya ce a samar da irinta a jiha da ƙaramar hukuma. Ta jiha ta tsaya da ƙafafunta a wurare da dama. Ta ƙaramar hukuma kuwa sau tari kwamiti ne da ake tunawa da shi ranar rabon shinkafa da tabarmi.

Ƙa'ida ko alfarma

Ingila na da wani tsari tun 1983 mai suna Bellwin. Idan hukumar yanki ta kashe fiye da kashi 0.2 bisa ɗari na kasafinta na shekara wajen aikin gaggawa, sai ta kai rasiɗai, gwamnatin tsakiya ta mayar mata. Ministoci ne ke buɗe tsarin, kuma ba ya biyan manyan gine-gine, amma shugaban hukuma ya san ma'aunin tun kafin hadari ya haɗu.

A Najeriya ma'aunin shi ne ziyarar jaje. Da ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, ya kashe fiye da mutum 150, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya je ya sanar da naira biliyan 2 da tirela 20 ta abinci. Kuɗi ne masu kauri, babu ja. Amma babu wani lissafi da aka wallafa tun farko da zai bayyana dalilin biliyan 2 ba 1 ko 5 ba, kuma ƙauyen da ruwa ya ci ba tare da ya shiga labarai ba ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ɗauko irin Bellwin ma ba zai zo da sauƙi ba, dole a faɗi gaskiya. Tsarin yana buƙatar hukumar da za ta iya kashe nata tukuna, ta kuma ajiye littattafan da mai binciken kuɗi zai amince da su. Ma'ajin da albashin malaman firamare da ma'aikatan shan-magani ke lamushe kasonsa kafin ya gan shi, ba shi da abin hayar motar kwasar laka ko ta kwana uku, balle ya jira a mayar masa.